Riga Mai Lamba Huɗu da Kawu Ya Bari

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar damina, aka kai shi makwancinsa bayan Azahar. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Tela ne a Fagge, ya fi shekara arba'in a shago ɗaya, kuma tun ina rarrafe shi ke ɗinka lambobi a bayan rigunan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Ba shi da sarauta, ba shi da mota, bai taɓa hawa mumbari ba. Amma ranar nan layinmu bai ɗauki jama'a ba, sai da sahu ya fita har bakin titi, mutane na tsaye cikin taɓo.

Yawancinsu tsofaffin 'yan wasa ne. Wasu sun ajiye tumbi, wasu sanƙo ya cinye. Bayan an dawo daga maƙabarta suka riƙa tsayawa a soro suna ɗaga murya suna gaida matarsa, wadda muke kira Inna, ita kuma tana amsawa daga bayan labule. Babu mai faɗin sunansa.

"Inna, Bakwai ne, na zamanin filin reluwe. Ya haƙuri?"

"Da godiya, Bakwai. Ya ƙafar taka?"

Shekara talatin ke nan da ƙafar ta warke, amma Inna ba ta manta ba, don a gidan nan da lamba ake sanin mutum.

Tsohon golanmu ma ya zo, wanda muka ba 'yan Sabon Gari a hutun rabin kakar wasa. Shi ya kama gaban makara, duk wanda ya matso zai karɓe shi sai ya girgiza kai, har muka isa. Bai yi kuka ba, bai kuma dubi inda nake ba.

Wanda ya dube ni shi ne aminin Kawu, Bayeraben dattijo haifaffen Kano mai sayar da zare da maɓalli a kasuwar Sabon Gari, muna ce masa Baba mai zare. Na durƙusa na yi masa gaisuwa, ya miƙo mini yatsu biyu.

"Sakatare, ka samu zuwa?"

Na sunkuyar da kai na koma gefe. Kafin sallar gawa liman ya ce duk wanda mamacin ya taɓa ɓata wa ya yafe masa, jama'a suka ce sun yafe. Ni ma na motsa baki. Sai dai ni ba ni da abin yafe wa Kawu. Shi ne ke da abin yafe mini, mako bakwai ina ɗaga ranar zuwa roƙo, kuma ba a tambayar wanda ke kan makara.

Washegari a rumfar zaman makoki, bayan an shafa fatiha ta kusan ashirin, na ji samari a bayana suna raɗa. Saura wasa ɗaya ranar Asabar. In mun ci, mun shiga cikin huɗun sama da za su buga wasannin ƙarshe na hawa rukuni na gaba. In an yi canjaras, sai mun jira abin da wasu suka yi. Wani dattijo ya juya zai tsawata musu, Baba mai zare ya taɓa masa gwiwa.

"Ƙyale su, Malam. Da shi ne a zaune nan, da tuni ya shiga maganar ya ƙwace ta."

Gaskiya ya faɗa. Kawu mutum ne mai gardama, kuma ba zan rufa masa wannan ba don ya mutu. Shagonsa ɗan ƙarami ne, keken ɗinki na ƙafa, teburin yanka, benci biyu a waje. Da an idar da La'asar majalisa ta haɗu ke nan, shi yana ciki yana taka keke yana jefo magana ta taga. Bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa, amma babu kocin da ya zo unguwar nan bai koya masa aiki ba. In an kada shi a gardama sai ya ƙara wa keke wuta har kowa ya daina jin kowa, in ya tsaya sai ya ce, "To, ina muka tsaya?" ya ɗauko wata maganar daban. Filin wasa kuwa ba ya zama. A bayan raga yake tsayawa da tef ɗinsa na awo a wuya, in an ci mu ya juya wa fili baya yana lissafa laifin alƙali.

Baba mai zare ɗan ƙungiyar Sabon Gari ne na gani-kashe-ni. Kullum da yamma yakan tsallako da ƙullin zare a hammata, su zauna su ci mutuncin ƙungiyoyin juna har a kira Magariba, sannan su tashi su yi sahu kafaɗa da kafaɗa. Wata shekara gobara ta ci ɗakin da 'yan Sabon Gari ke ajiye kayan wasa, saura kwana biyu su kara da mu. Kawu ya ture ɗinkin mutane gefe, tun daga asuba har La'asar, kwana biyu cur, ya haɗa musu riguna da lambobinsu. Suka sa rigunan suka ci mu biyu da nema. Unguwa ta ɗauki zafi, har da masu ce masa ɗan leƙen asiri. Ya leƙo ta taga ya ce, "To da tsirara kuke so su buga?" Mako guda yana jin haushin cin da aka yi mana, ko Baba mai zare bai yi wa magana ba, amma bai taɓa cewa ya yi nadamar ɗinkin ba.

Yana da wata ƙa'ida da duk wanda ya taɓa sa shuɗiyar rigarmu ya sani. Kowane ɗan wasa auna shi yake yi ya ɗinka masa tasa, ya yanko lamba daga farin yadi ya ɗinka a baya. In mutum zai bar ƙungiya, sai kaka ta ƙare, sannan ya zo da kansa ya zauna a benci. Kawu ya ɗauko reza ya warware lambar a gabansa, zare bayan zare, ya jefa ta cikin wani tsohon gwangwanin alewa, ya ninke rigar ya miƙa masa. Daga nan sai ya ce, "Mu yafi juna," su yi musabaha. Sai bayan haka yake yanka wa wani wannan lambar. Wanda kuwa ya tafi a tsakiyar kaka, ko an sayar da shi ko ya ji rauni, rigarsa a ƙusa take kwana a bangon shago har sai ya zo. Maganarsa ɗaya ce a kan wannan: "Ba na warware wa mutum riga yana cikinta."

Ni ne Huɗu. Shekara ashirin da suka wuce, ina tsaron baya, gwiwata ta goce a tsakiyar kaka, ba ta sake komawa daidai ba. Umma, mahaifiyata, ta wanke rigar ta aika masa, ya rataye ta. Kaka ta ƙare ban je ba. Ban iya zama a bencin nan in ji ƙarar reza ba, na yi ta cewa gobe. Kawu ne ya kai ni Kantin Kwari ya damƙa ni a hannun wani abokinsa mai shadda, can na koyi kasuwar da nake ci da iyalina yau, amma ko sau ɗaya bai ce mini in zo a warware ba. Shugabannin ƙungiya suka yi ta fama da shi ya ba wani lambar.

"Huɗu bai zo ya ce mini ya daina ba," in ji shi.

Haka ƙungiyarmu ta yi shekara ashirin ba ta da mai lamba huɗu. Abin ya zama abin dariya, ni ma ina taya su. In na zo majalisa da tumbina sai a ce ga ɗan wasan da ya fi kowa daɗewa a jinya. Rigar ta koɗe a ƙusa, duk ƙaramar Salla Inna ta sauke ta ta wanke a mayar. Har na yi aure, na haifi 'ya'ya, aka zaɓe ni sakataren ƙungiya, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Huɗu.

Bana aka zo hutun rabin kaka muna na shida a teburi. Ba a cika cin mu ba, mu ma ba ma ci, sai canjaras kamar an yi mana baki. Ni na kawo shawarar mu ba 'yan Sabon Gari golanmu, su ba mu ɗan wasan gabansu. Golan nan shekara goma sha uku yana tsare mana raga, amma ya fara nauyi, kuma muna da matashi a benci. Kwana goma unguwa ba ta da wata magana. A teburin mai shayi, a wajen aski, a cikin Adaidaita, kowa ya zama mai lissafin maki. Masu cewa an yi daidai sun ce gola ba ya ci maka wasa, sai dai ya hana a ci ka, mu kuwa ci muke nema. Masu ƙi sun ce wanda ya rushe katangarsa don ya sayi ƙofa, ɓarawo bai gaishe shi ba. Shugabanni suka zauna, ra'ayina ya yi rinjaye.

Ranar da aka sa hannu na biya majalisa da La'asar. Na tarar Baba mai zare yana shan ƙamshi.

"Mun gode, Sakatare, Allah ya ƙara muku irin wannan basira. Wanda muka ba ku gudu ne da shi kamar ya fizge waya, amma da ya ga raga sai ya rufe ido."

Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Rigar golan tana rataye a ƙusa kusa da tawa, ashe da safe ya kawo ta da kansa. Na leƙa ta taga na gaida Kawu, na ce matashin da zai shiga raga yana bukatar lamba ɗaya kafin a dawo zagaye na biyu.

"Ya sa sha shida ɗin da ke bayansa," in ji Kawu, bai ɗago ba.

"Kawu, shi ne golanmu yanzu. Wancan ya tafi, yana Sabon Gari."

"Kaka ta ƙare?"

"Ba ta ƙare ba."

"To yana cikinta. Da tsohuwar zuma ake magani, Huɗu, ku kuka zubar da taku. Ba zan taya ku wanke kwalbar ba."

Majalisa ta sake fashewa da dariya, wannan karon da ni ake. Kwana goma ina shan zagi a kan musayar nan, raina a wuya yake, kuma ga shi a gaban ɗan Sabon Gari. Da na yi shiru na wuce, da yanzu ba wannan nake rubutawa ba. Sai na ji bakina yana cewa:

"Kawu, zamanin wannan ya wuce. Kai ma ɗinkin naka duk ya karkace. Je ka ga bayan 'yan wasanmu, shida kamar ta sha giya. Ko'ina muka je dariya ake mana, kunyarka ce ta hana a faɗa maka."

Abin da ya sa maganar ta yi muni shi ne gaskiya ce. Yanar ido ta fara rufe masa gani, shekara biyu ke nan Inna ke zura masa zare a ɓoye, kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba. Unguwa guda ta rufa wa dattijo asiri, ɗan ƙanwarsa ya tone shi a gaban abokansa.

Keke ya tsaya. Na jira ya ƙara masa wuta kamar yadda ya saba, bai ƙara ba. Ya cire tef ɗin daga wuyansa ya naɗe shi a hankali ya ajiye a kan teburi.

"To, Sakatare," ya ce. "Allah ya ba da sa'a."

Magana zarar bunu ce. Maimakon in tsaya nan, washegari na tafi Sabon Gari wajen masu injin da ke manna lamba da zafi, na sa aka bugo mana sababbin riguna tun daga ɗaya har ashirin da biyar. Sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, lambobin a miƙe kamar an ja da rula. Da ake rabawa na ga huɗu ta faɗa hannun wani ɗan wasan tsakiya. Na gani sarai, na kau da kai.

Bayan kwana biyu wani maƙwabcin shagon ya same ni a Kwari ya ce, "Rigarka fa ba ta ƙusa." Ta golan tana nan, tawa ce babu. Na yi dariyar yaƙe na ce dama ta isa sauka. Amma ranar ban iya cin abincin rana ba. Na san ma'anar abin. Mutumin da bai taɓa warware wa kowa lamba a bayan idonsa ba ya warware tawa, ba zama a benci, ba musabaha, ba mu yafi juna.

Daga nan na canja hanya. In zan tafi kasuwa sai in zaga ta bayan masallaci don kada in bi ta gaban shagon. Umma ta kira ni har sau uku.

"Yayana ne fa. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ka je ka durƙusa, ba a jin kunyar wannan."

"Zan je, Umma."

"Yaushe?"

"Bari a gama wasannin nan."

Ga wautar da na yi, kuma ina so a rubuta ta a ƙarƙashin sunana. Na ɗaura neman gafarata a jikin teburin gasa. Na ce a raina in mun shiga huɗun sama zan je in durƙusa, in ce Kawu na yi kuskure a magana, shi kuma dole ya ga ban yi kuskure a musaya ba. So nake in ba da haƙuri ina da gaskiya a aljihu. Muka hau na biyar, na ce saura kaɗan. Muka yi canjaras a waje, na ce bari mako mai zuwa. Sau ɗaya na hango shi daga nesa yana dawowa daga masallaci, yana laluben bakin kwata da sanda saboda ruwan da aka yi. Ƙafata ta ɗaga za ta tafi wajensa, na mayar da ita. Saura wasa biyu a lokacin.

Ranar Alhamis ina auna wa wata mata shadda waya ta shigo. An ce Kawu ya karya kumallo, ya tashi zai fita shago, ya zauna a bakin gado ya ce kansa na juyawa. Kafin a samo mota ya cika.

Ranar Asabar aka yi sadakar uku da safe, da yamma aka buga wasan. Ban je ba, na ba mataimakina katunan 'yan wasa. Muna zaune a rumfa wajen ƙarfe shida muka fara jin hon na babura daga bakin titi, suna matsowa, da suka iso kan layinmu sai suka yi tsit, suka kashe inji suka turo da hannu. Mun ci ɗaya da nema. Wanda muka karɓo daga Sabon Gari ne ya zura, bai rufe ido ba. Samari suka zo suna ba ni hannu ƙasa-ƙasa, suna cewa lissafina ya fita. Gaskiyar da na yi mako bakwai ina jira ta iso, na rasa wanda zan kai wa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na yammacin nan ba, ko ranar da gwiwata ta goce.

Ranar bakwai, bayan jama'a sun ragu, Inna ta aiko a kira ni. Na shiga na same ta a kan tabarma cikin kayan takaba, carbi a hannu. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Sai hawaye suka zubo mini.

"Matso, Huɗu," ta ce.

Ta jawo wata jakar leda daga ƙarƙashin matashi ta ajiye a gabana. Rigata ce. Na buɗe bayanta ina jiran in ga wurin lambar fayau. Lambar tana nan, amma ba ɗinkin da ba ne. Ga ramukan tsohon ɗinki a jere a gefe, ga sabon zare fari tas, ɗinkin hannu, manya-manyan taku a karkace. An ɗinke tsayuwar lambar da rabin gicciyenta, sauran yana reto. Allurar tana cake a inda aka tsaya, da zarenta.

"Washegarin ranar da kuka yi, ya sauke ta ya warware," in ji Inna. "Har ya yanke yatsa da reza. Amma bai sa lambar a gwangwani ba. A aljihunsa take, duk wanki sai na ciro ta, ya karɓa ya mayar. Ranar Laraba da yamma ya ce in zura masa zare. Na ce ka bari a kai wa wani mana, ya ce wannan ba ta wani ba ce. Ya yi ta fama har haske ya gaza masa, ya ce gobe ya ƙarasa, in ka zo ka tarar da ita a ƙusa."

"Ya ce zan zo, Inna?"

"Ya ce ba za ka zo ba sai kun ci wasan Asabar. Ya ce shi ya san ka, taurin kan nasu ne na gado." Ta ja carbi ɗaya, biyu. "Shi da ya tsani musayar nan. Tun da aka dawo hutu, duk sallar da ya yi sai na ji yana roƙa wa yaron Sabon Garin nan Allah ya buɗe masa ido a gaban raga. Na ce Malam, yaushe ka fara son sa? Ya ce ba son sa nake ba, hanyar ɗana ce ta bi ta ƙafarsa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya yafe masa gardamarsa da zafin ransa, ya haskaka masa kabari fiye da yadda idanunsa suka yi duhu a ƙarshe. Ya ba Inna da Umma haƙuri. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in da saura ya sa ni.

Baba mai zare ya ce in kawo rigar ya sa a ƙarasa mini, aikin minti biyar ne. Na ce masa a'a. Ranar da aka buɗe shagon za a kwashe kaya, na je na mayar da ita ƙusarta da hannuna, kusa da ta golan, na roƙi mai gidan ya bar mini bangon har kaka ta ƙare. Allurar tana nan inda ya bar ta.